Tarihin Santiago Ramon y Cajal, likitan da ya bi diddigin yadda jijiyar da ta tsinke take toho

Akwai wata tambaya da iyalan wanda ya yi hatsari ya karya ƙashin baya suke yawan yi ma likita: ƙashi ya ɗoru, rauni ya warke, to me ya hana ƙafafu motsi? Ga wani can kwalba ta yanke mishi hannu har yatsu suka daina ji, amma da aka ɗinke jijiyar, bayan ƴan watanni ji ya soma dawowa. Shi kuwa wanda lakarshi ta tsinke, shekaru na wucewa yana bisa keke ana tura shi. Cikin waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan bambanci akwai wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramon y Cajal, wanda ake furta sunanshi Kahal. Fiye da shekara 90 ke nan da rasuwarshi, amma har gobe masu binciken laka bisa sawunshi suke tafiya.

Yaron da malamai suka gaji da shi

An haifi Kahal ranar 1 ga watan Mayu na 1852 a Petilla de Aragon, wani ɗan ƙauye cikin duwatsun arewacin Sifaniya. A al'adarsu yaro na ɗaukar sunan gidan uba da na gidan uwa, don haka Ramon na mahaifinshi ne Justo, Kahal kuma na mahaifiyarshi Antonia. Uban likitan ƙauye ne da ya taso cikin talauci, ya yi karatu da gumin goshinshi, kuma ya ƙudura cewa ɗanshi likita zai zama, ko ana so ko ba a so.

Shi kuwa yaron zane ne kawai a ranshi. Bango, ƙofa, gefen littafi, duk inda ya samu fili sai ya zana. An kai shi makarantar limaman coci a garin Jaca, inda karatun hadda ne da bulala da horon yunwa, bai zauna lafiya ba. Aka maida shi Huesca, nan ma haka. Yana da shekara 11 ya haɗa wata ƴar igwa da hannunshi, ya ɗura mata albarushi, ya fasa ƙofar wani maƙwabci, har ya kwana ƴan kwanaki a kulle. Da uban ya ga abin ya ƙi, sai ya kai shi koyon sana'a wurin wanzami, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalmi.

Abin da ya sasanta su, ƙasusuwa ne. A 1868 uban ya soma koya mishi tsarin jikin ɗan Adam da kanshi, da ƙasusuwan da suka samo a wata tsohuwar maƙabarta. Yaron da bai iya riƙe hadda ba sai ga shi yana zana kowane ƙashi da ramukanshi da tudunshi, bai manta ko ɗaya. Nan uban ya gane cewa zanen nan da yake ta yaƙi da shi yana da amfani.

Kahal ya gama karatun likita a jami'ar Saragosa a 1873, yana da shekara 21. Ya shiga soja a matsayin likita, aka tura shi tsibirin Kyuba a 1874, lokacin ƴan ƙasar na yaƙin neman ƴanci daga Sifaniya. Can ya yi aiki a asibitocin daji cikin fadama, zazzaɓin cizon sauro da atini suka kusa kashe shi. A 1875 aka maido shi gida, fata da ƙashi. Ɗan kuɗin da ya tara daga albashin soja, da shi ya sayi madubin duba ƙananan halittu na farko a 1877, shekarar da ya samu digirin dakta a Madrid. A 1879 ya auri Silveria Fañanas, suka haifi ƴaƴa 7. A 1883 ya samu kujerar farfesa a Balensiya, inda annobar kwalara ta 1885 ta tarar da shi. Rahoton da ya rubuta kan cutar ya sa hukumar lardin Saragosa ta ba shi kyautar madubi ƙirar Zeiss, wanda ya fi nashi nesa ba kusa ba.

Baƙin rini da ya buɗe ƙwaƙwalwa

A wancan zamani masana sun yarda cewa duk jikin mai rai ƙwayoyin halitta ne ɗaiɗai suka haɗu suka yi shi. Ƙwaƙwalwa da laka ne kawai suka gagara. In aka yanko ɗan yanki aka sa a madubi, sai a ga zaruruwa sun cukurkuɗe, ba a sanin farkonsu balle ƙarshensu. Shi ya sa da yawa suka ɗauka cewa jijiyoyi raga ce guda ɗaya, komai a haɗe yake da komai.

A 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wata dabarar rina nama da sinadarin azurfa. Abin mamaki da wannan rini, ba duka ƙwayoyi yake kamawa ba. Ƙalilan yake zaɓa, amma wadda ya kama sai ya maida ta baƙa ƙirin daga jikinta har ƙarshen rassanta, sauran kuma su zauna fayau. Kamar dai a shiga gonar dawa da ta rufe, a shafa ma kara ɗaya cikin ɗari baƙin fenti tun daga saiwa har zangarniya. Kahal ya fara ganin wannan rini a 1887 a Madrid, a gidan wani likita mai suna Luis Simarro. A shekarar ne kuma ya koma jami'ar Basalona.

Ya gyara dabarar ta hanyar maimaita rinin sau biyu, sannan ya yi wani tunani mai sauƙi da ya canza komai. Maimakon ƙwaƙwalwar babbar dabba, sai ya koma ga ƴan tayi da jariran dabbobi da tsuntsaye, waɗanda zaruruwansu gajeru ne, kuma kitsen da ke lulluɓe su, wanda ke hana rini shiga, bai riga ya fito ba. A 1888 ya buga sakamakon bincikenshi kan ƙwaƙwalwar tsuntsaye a wata mujalla da ya kafa da kuɗin aljihunshi. Abin da ya gani shi ne, kowace ƙwayar jijiya mai zaman kanta ce. Tana da jiki, tana da gajerun rassa masu karɓar saƙo, tana da dogon zare guda mai fitar da saƙo. Zaren na zuwa dab da ƙwaya ta gaba ya tsaya, bai narke cikinta.

To amma wa ke karanta Sifaniyanci a duniyar kimiyya ta lokacin? Kusan babu. Sai ya ɗauki madubinshi da gilasanshi, ya biya ma kanshi kuɗin jirgi, ya tafi taron masana tsarin jiki na Jamus a Balin a 1889. Can ya jawo babban dattijon fannin, Albert von Kölliker, mai shekara 72, ya sa shi ya leƙa da idonshi. Dattijon ya gamsu, har daga baya ya koyi Sifaniyanci don ya riƙa karanta rubutun Kahal. A 1892 Kahal ya samu kujera a Madrid, a 1894 kuma aka gayyace shi ya yi lacca a Landan.

A 1890 ya gano wani abu da zai yi amfani sosai daga baya. Cikin lakar ɗan tayin kaza, ya ga bakin kowane zare mai girma yana da wani ɗan kumburi mai ƴan yatsu. Duk da cewa naman da yake dubawa matacce ne, bai motsi, ya ce wannan bakin toho ne da ke rarrafe yana lalube yana buɗa hanya. A 1892 ya ƙara da cewa akwai alamar wasu sinadarai ne ke jan shi zuwa inda ya kamata ya je. Bayan kamar shekara 20 wani Ba'amurke, Ross Harrison, ya raya naman ɗan tayin kwaɗo cikin gilashi, ya ga zaren na rarrafe da rai, kamar yadda Kahal ya hango.

A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golgi, shi ne ɗan Sifaniya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Taron bai yi armashi ba. Golgi ya yi amfani da laccarshi a Stockholm ya kare ra'ayin raga, ya soki na Kahal. Washegari Kahal ya tashi ya jera hujjojinshi ɗaya bayan ɗaya. Sai a shekarun 1950, da aka samu madubi mai aiki da lantarki, aka ga ɗan siririn ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, gardama ta mutu.

Jijiyar hannu da jijiyar laka

Mai karatu zai ce, to ina ruwan wannan da wanda ya karya baya? Ga inda suka haɗu. In har zaren jijiya reshe ne na ƙwaya guda, to duk lokacin da aka yanke shi, guntun da ya rabu da uwar ƙwayar dole ya mutu, kamar reshen da aka sare daga itace. Wani Bature ɗan Ingila, Augustus Waller, ya nuna haka tun 1850 a jijiyoyin kwaɗo. Amma a farkon shekarun 1900 wasu masana, cikinsu har da Albrecht Bethe na Jamus, suka ce guntun da ya rabu na iya sake ƙera sabon zare da kanshi, sannan ya je ya haɗe da tushe. Da hakan ya tabbata, da aikin Kahal na shekaru ya rushe.

Shi ya sa daga 1905 ya duƙufa kan raunin jijiya. Da wani sabon rinin azurfa da ya haɗa a 1903, ya riƙa yanke babbar jijiyar cinya a zomaye da kyanwoyi da karnuka, yana duba wurin kwana bayan kwana. Abin da ya gani ya zana shi filla-filla. Daga ɓangaren da ke haɗe da uwar ƙwaya toho ke fitowa, kuma zare guda na iya fitar da toho da yawa. Kowane na da irin bakin nan mai lalube da ya gani a ɗan tayin kaza. Wasu su ɓace cikin tabo, wasu su juya baya, wasu su nannaɗe kansu. Waɗanda suka tsallake tabon sai su tarar da hanya a share: ƙwayoyin da suka lulluɓe tsohon zaren, waɗanda ake kira ƙwayoyin Schwann, ba su mutu ba, sun jeru kamar bututu, sabon zaren ya bi ta ciki har ya kai ga tsoka ko fata. Wani matashi mai suna Aldo Perroncito, wanda a ɗakin binciken Golgi kanshi yake aiki, shi ma abin da ya gani ke nan. Yau likitoci na ƙiyasta wannan tafiya da kamar milimita 1 a rana, dalilin da ya sa wanda aka ɗinke ma jijiyar hannu sai ya yi haƙurin watanni.

Da ya koma kan laka da ƙwaƙwalwa, sai labari ya canza. A kwanakin farko zaruruwan na yunƙuri, suna fitar da toho kamar na hannu. Amma ba su nisa. Suna isa bakin raunin sai su tsaya, bakinsu ya kumbura ya yi kamar ƙwallo, daga nan su yanƙwane. Kahal ya yi hasashen cewa matsalar na ga wurin da zaren ya samu kanshi: babu ƙwayoyin Schwann a cikin laka, don haka babu abincin da zai ciyar da toho, babu kuma hanyar da za ta ja shi.

Ɗalibinshi Jorge Francisco Tello ya gwada wannan hasashe a 1911. Ya yanko guntun jijiyar cinya ya dasa cikin ƙwaƙwalwar zomo, sai ga zaruruwan ƙwaƙwalwa sun nufi guntun sun shiga ciki. Ashe suna iya girma in sun samu ƙasa mai kyau.

Akwai kuma wani abu da Kahal ya lura da shi wanda mutane ba su cika ambata ba. Dogon zare yakan fitar da ƙananan rassa a gefe kafin ya kai inda za shi. Ya ga cewa in an yanke zaren, wani lokaci yakan mutu ya koma baya har zuwa reshen gefe na ƙarshe, sai wannan reshen ya yi kauri ya zama shi ne hanyar saƙo. Ƙwayar ba ta mutu ba, ta dai canza abokan hulɗa. Tun a laccar Landan ta 1894 ma ya kawo ra'ayin cewa yawan aiki da maimaici na iya ƙara ma ƙwayoyin jijiya rassa da mahaɗai.

Ya tattara wannan aiki duka cikin littafi mai juzu'i 2 kan lalacewa da sake tohon jijiyoyi, wanda ya fito a 1913 da 1914. Likitoci ƴan Sifaniya mazauna Ajantina ne suka haɗa kuɗin buga shi. Fitowarshi ta zo daidai da ɓarkewar yaƙin duniya na farko, sai a 1928 aka fassara shi da Ingilishi. A ƙarshen littafin ya yanke hukunci mai nauyi, cewa a jikin wanda ya girma hanyoyin laka da ƙwaƙwalwa sun riga sun kafu, wanda ya lalace bai dawowa. Amma nan take ya bar ma masanan gaba aikin neman hanyar sauya hakan. Shekaru da dama mutane suka riƙe rabin farko na maganar, suka manta da rabin na biyu.

Ƙarshen rayuwa

Kahal ba mutumin madubi kaɗai ba ne. Yana son ɗaukar hoto har ya rubuta littafi kan hoto mai kala a 1912, ya rubuta gajerun labarai, ya rubuta littafin nasiha ga matasa masu bincike. An yi mishi tayin ministan ilimi a 1906 ya ƙi, amma daga 1907 ya shugabanci hukumar da ke tura matasan Sifaniya karatu ƙasashen waje.

Yana da nashi rauni. Wani matashi mai bincike a wurinshi, Pio del Rio Hortega, ya gano wasu nau'o'in ƙwayoyi 2 a ƙwaƙwalwa waɗanda Kahal ya kasa tantancewa. Saɓani ya shiga tsakaninsu, a 1920 Kahal ya sallame shi daga ɗakin bincike. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan kuwa ita ce ke lulluɓe zaruruwan laka da kitse, kuma daga baya aka gano tana da hannu dumu-dumu a tambayar da ta dami Kahal.

Ya yi ritaya a 1922. Ƴaƴanshi 2 sun rasu yana raye, matarshi ta rasu a 1930. Duk da kurumta da ciwon ciki bai ajiye alƙalami ba, a 1933 ma ya sake fitar da dogon rubutu yana kare ra'ayinshi kan ƙwayar jijiya. Ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba 1934, yana da shekara 82. Bayan shekara 2 yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya, ɗalibanshi suka watse. An cire Tello daga shugabancin cibiyar da ke ɗauke da sunan Kahal, Rio Hortega kuma ya rasu yana gudun hijira a Ajantina a 1945.

Abin da aka gano bayanshi

A 1981 Albert Aguayo da Samuel David, a Montreal ta Kanada, suka sake gwajin Tello da kayan aiki na zamani. Sun yi gada da guntun jijiya tsakanin ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera da lakarshi, zaruruwa suka bi gadar suka yi tafiyar santimita kusan 3. Da suka fito suka sake shiga laka, sai suka tsaya. A 1988 Martin Schwab da Pico Caroni a Zurich suka nuna cewa kitsen da ke lulluɓe zaruruwan laka na ɗauke da sinadaran da ke hana toho, wanda ya fi shahara cikinsu aka sa mishi suna Nogo. An kuma gano cewa tabon da ke fitowa a wurin raunin na da nashi sinadaran masu tare hanya, sannan ƙwayar jijiyar babba ita kanta ba ta da kuzarin girma irin na ɗan tayi. Ke nan hasashen Kahal kan muhalli ya yi daidai, sai dai matsalar ta fi yadda ya zata yawa.

Maganar rassan gefe kuwa ita ce ta fi ba da fata yanzu. A yawancin hatsari laka ba ta tsinkewa gaba ɗaya, akwai zaruruwan da ke tsira. A 2004 masu bincike a Zurich suka nuna a jikin ɓeraye cewa zaruruwan da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, in an yanke su, sukan fitar da sabbin rassa a saman raunin, su kama wasu ƙwayoyi na cikin laka waɗanda nasu zaren ya tsallake wurin lafiya. Saƙo sai ya bi ta kewaye, kamar yadda direba ke bin hanyar daji in gada ta karye. Rassan da suka kama hanya mai amfani suna zama, sauran su bushe. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitoci ke matsa ma majinyaci da motsa jiki da atisaye. A 2018 ƙungiyar Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a Lausanne ta dasa ma wasu maza 3 masu tsohon raunin laka na'urar da ke tsikarar laka da lantarki, suka samu yin tafiya da taimakon abin dogarawa, kuma bayan watanni na atisaye wani motsi ya dawo musu ko an kashe na'urar.

Har yanzu dai babu maganin da ke haɗa lakar da ta tsinke gaba ɗaya, duk wanda ya ce yana da shi a yi hattara da shi. Abin da ke hannunmu shi ne kare zaruruwan da suka tsira, don a kansu ne duk wata sabuwar hanya za ta ginu. Shi ya sa ma'aikatan agaji ke gargaɗin cewa wanda ya faɗi daga babur ko mota, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce bai jin ƙafafunshi, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a cusa a mota, kada kuma a ja shi da sunan ɗori. A riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗauke shi bisa abu mai tauri zuwa asibiti.

Kahal ya bar zane kusan 2,900 da ya yi da hannunshi, da dubban gilasan da ya rina. Suna ajiye a Madrid, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan tarihi na duniya. Ɗaliban likita har yau suna cin karo da waɗannan zane-zane a littattafansu.